Ranar da na yi wa karen Ma'adi gurnani

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Talatar nan ba, kuma har gobe ban yafe wa Yaya Sani ba.

Yayana ne, direban babbar mota a Amurka. Tun da ya ji wai wani zakinsu marar geza, mai zama a duwatsu, ya yi yawa har yana shiga unguwanni, ya addabe ni da bidiyo. Kullum da huɗuba: "In kin gamu da shi kar ki gudu. Ki buɗe hannu ki ƙara girma, ki yi masa tsawa." (Ina Alƙahira fa. Me ya haɗa ni da zakin Amurka?) Amma abin ya zauna min, har mafarkinsa nake.

Ran nan na bar unguwarmu Abbasiya zuwa unguwar Hada'iƙ el-Ma'adi neman aiki wurin Hajiya Batula, Bahaushiyar Sudan mai yi wa amare lalle. Ta ce mai natsuwa take so, wadda hannunta ba ya rawa. Aikin nan nake jira wata uku.

Ina shiga layinsu wani abu ruwan ƙasa, dogo, mai jela, ya fito daga ƙarƙashin mota ya nufo ni. Na san karnukan titi sun cika garin nan, amma kaina bai ce kare ba. Na yar da jaka, na ware hijabina kamar jemage, na yi ɗage, na saki wani gurnani da ban san ina da shi ba. Sau uku.

Karen ya zauna ya yi hamma. Ko haƙoran kirki babu.

Mai gadin benen su Hajiya ya riƙe ciki yana dariya, wai tsohon karensu ne, burodi yake roƙo. Su suke ciyar da karnukan suna hayayyafa, sannan ni ce abin dariya.

Na ɗaga kai. Matan layin duk suna baranda, ciki har da Hajiya Batula, riƙe da igiyar kwandon da take zuro wa mai kayan miya.

Duk da haka na hau benen. Ta ba ni ruwa, rabi ya zube a kafet.

"Ma'alish, yi haƙuri 'yata," ta ce. "Amare kan motsa ana cikin zane. In ɗaya ta motsa, ita ma haka za ki yi mata?"

Aikin ya tafi. Abin da na tsira da shi ɗaya ne: a Alƙahira, kafin ki yi hauka a titi, fara duba wa ke baranda.