Ƙwan Da Na Yi Sati Uku Ina Juyawa

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a makarantarmu ta Gagarawa ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Ni ne malamin aikin gona (abin da ya ƙara wa abin ciwo ke nan).

A waya na ga wani mai gidan kaji a Kano yana tallar ƙwan wasu ƙattin kaji masu gashi har ƙafa. Na saya, ya sa a kwali ya ba direban motar Gumel, na je tasha na karɓa. Ina jera su a injin ƙyanƙyasa na shiga cika baki. Shugaban makaranta ya ji, ya ce a haɗa ranar ƙyanƙyasar da taron iyayen yara, su ga ci gaba da idonsu.

Sati uku na yi ina bauta wa ƙwan nan. In juya sau uku a rana, in ƙara ruwa, in duba batir. Ɗaurin auren ƙanina a Maigatari ko shinkafar ban tsaya ci ba. Wallahi kaza ma ba ta shan wahalar da na sha.

Ranar ta zo, iyaye suka cika ofis, ni kuma na sha sabuwar shadda ina zuba bayani. Ƙwai dai shiru. Har gilashin injin na ƙwanƙwasa (kamar za su amsa sallama).

Sai Inna Hari, mai ƙosai a ƙofar makaranta, ta leƙo.

"Malam, ka taɓa haska su kuwa?"

Na ce, "Inna, wannan na zamani ne, ba irin na akurki ba."

Ba ta kula ni ba. Ta ɗauki ɗaya, ta ari wayar shugaba ta haska, ta girgiza shi a kunne.

"Ɗan nan, kazar da ta yi ƙwan nan ba ta taɓa ganin zakara ba."

Haushi ya sa na fizge ƙwan, ya fashe a gaban rigata. Warin kaɗai ya rage rabin taron. Don sauran su ji ba laifina ba ne, na kira direban a waya, na ƙure ƙarar yadda kowa zai ji.

"Af, Malam, ai kwali biyu na ɗauko ranar, ɗayan na mai shayin tasha ne. Ashe naka na ba shi? Shi ya sa yake ta yaba ƙwan."

Shugaba ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata.

Ɗalibai har gobe Malam Kwanci suke ce min a bayan ido. Ni ma na yi hankali: yanzu duk ƙwan da aka aiko min, wajen Inna Hari nake fara kai shi, kuma ba na gayyatar kowa sai na ji kukan ɗan tsako da kunnena.