Alhaji Anjuma

Saura kwana ɗaya in nuna wa ƙungiyar manoman shinkafa ta Gashuwa manhajar rajistar da na rubuta musu, sai na ga ya dace in sauya babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutata. Na ɗora sabuwa fil, ta gwaji, wadda ake kira beta. Abokiyar aikina Falmata ta ce, "Malam, a kwamfutar aiki?" Na fahimtar da ita cewa 'yan koyo ake yi wa wannan gargaɗin.

Washegari na haska aikina a bango gaban dattawa. Ashe sabuwar manhajar ba ta san haruffa masu lanƙwasa ba, duk wanda ta gani sai ta haɗiye shi. Sunan shugaba, Alhaji Ɗanjuma, ya fito ɓaro-ɓaro: Alhaji anjuma.

Sakatare ya karanta da ƙarfi. Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya miƙe, ya ce, "To, aikin ma sai an jima."

Har yau bai kira ni ba. Amma ko a tashar Nguru na yi sallama, amsar ɗaya ce: "Sai anjuma, injiniya."