Rasuwar Gunvor, Mai Auna Iskar Sama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ido kuma na zubar da hawayen da ke daskarewa tun kafin su kai gemu, ni Oddvar Eilertsen, makanikin tashar binciken iska da ke bayan ƙauyenmu a arewacin Norway, nake sanar da rasuwar na'urarmu ta radar, wadda muke kira Gunvor. Ta cika ranar Talata, tana da shekara talatin da ɗaya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Kullum tana aika igiyar rediyo kilomita casa'in sama, ta dawo mana da labarin inda iskar can ta nufa, ko da babu wanda ya tambaye ta. Duk maganarta a duniya ba ta wuce "tik, tik, zuuu" ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da kaka, da wani namijin barewar ƙanƙara ya zaɓi babbar wayarta don sosa ƙaho. Na rubuta wa hukumarmu takarda har sau tara a yi mata shinge, sai suka kafa kwamiti. Na je wajen Jouni, mai garken barewar, ya ce, "Haba Oddvar! Kakannin dabbobin nan suna sosa ƙaho a nan tun ba a haifi tsohuwar na'urar taka ba." Guguwar Talata ta ƙarasa ta. Ita da ta san sirrin iskar sama, ta ƙasa ce ta kayar da ita.

Ta bar sandunan ƙarfe arba'in da takwas, goma a tsaye. Ta bar Farfesa Brekke, wanda ya rubuta maƙala sittin a kanta, ya kuma ziyarce ta sau biyu, duka da bazara. Da na buga masa waya, sai ya ce, "Amma dai bayanan Litinin sun shigo ko?" Ta bar ni, da takardar sallama daga aiki. Matata Ragnfrid ta ce, "To, yanzu sai ka gano yadda ɗakin girkinmu yake."

Za a kwance gawar ranar Asabar da sha biyun rana, lokacin da gari ke ɗan yin haske, don da hunturu rana ba ta fitowa a nan. Kowa ya zo da sifanarsa mai lamba goma sha bakwai. Akwai kofi da busasshen nama. Duk wanda ya buɗe baki ya yabi sabuwar na'urar da ake ginawa a ƙetaren iyaka, a waje zai sha kofinsa.