Nomau da Kwamfutar Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya ce muku ya san mai bin umarni, ku tambaye shi ko ya taɓa zama da ƙanena Nomau. Ni Lantana ce babba, shi ke bi na, sai autarmu Uwani da ke aikin kwamfuta a Kano. Ya ba arba'in baya, yana da matarsa Delu mai sayar da zoɓo mai sanyi, da yara uku ƙanana, dukanmu gida ɗaya a Rafin Ɗinya. Mugunta dai babu ita a zuciyarsa ko kaɗan. Abin da ka faɗa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Innarmu ta taɓa ce masa ya duba mata madara a kan wuta, ya tsaya yana dubanta har ta gama zubewa a murhu.

Abincin gidan nan daga injin marigayi mijina da ke shagon ƙofar gida yake fitowa, injin ɗinka aikin wuyan riga da ke karɓar umarni daga kwamfuta. Bayan rasuwarsa da wata bakwai kwamfutar ta mutu, da zanen da ya shekara goma yana tarawa a cikinta. Uwani ta zo da sabuwa, ta kwashe kayan tsohuwar ta zuba, amma manhajar injin ta ƙi sabon tsari ƙememe. Ta ce akwai dabara, za ta gina wata kwamfutar a cikin sabuwar, tsohon tsarin ya zauna a ciki ya ci gaba da aikinsa. Ta gina a gurguje, mota na jiranta, ta tafi. Muna dannawa sai ga wani ɗan akwati da jan rubutu. Injin ya yi wata guda shiru. Alhaji Barau, wan mijina, ya aiko cewa in Juma'a ta sama ta zo bai tashi ba, za a sayar a raba gado. Ni ban yi boko ba, kuma kaf gidan Nomau ne kaɗai ke karanta Turanci. Na ce inna lillahi.

Wata rana Uwani ta bugo waya ta ce, "Yaya Nomau, ɗauki hoton kwamfutar ka turo min." Ya ce to. Ya kashe allon don kada haske ya ɓata hoto, ya goge ƙura, ya shimfiɗa mata sabon zanin Delu, ya kafa hularsa ta Sallah, ya tsaya a gefe ya dafa ta, Delu ta ɗauka.

"Ina jan rubutun?" in ji Uwani.

"Wane rubutu? Kwamfuta kika ce."

"To kai me kake yi a cikin hoton?"

"Don ki gane girmanta."

Ita ce fa ta sayo ta! Da ƙyar aka samu ya karanto mata rubutun. Ta ce ta gane, akwai wani makunni can cikin kwamfutar, shi ke ba ta izinin ɗaukar wata a cikinta, kuma a rufe yake zuwa daga kamfani. Sai an shiga wani wuri da ake kira Bayos an buɗe shi.

Wata rana, ana gama azahar, Uwani ta ce a waya, "Sake tayar da ita. Tana tashi ka yi ta danna maɓallin F2, kar ka daina sai na ce." Ya fara dannawa, sai sabis ya ɗauke. Shuɗin allon Bayos da ake nema ya fito tun a dannawa ta uku, amma ina ruwan Nomau. Kwamfuta na ƙara ƙit-ƙit, shi yana dannawa. Na ce, "Kai, ba ka ga ta canja ba?" Ya ce, "Yaya, ba ta ce in daina ba." Delu ta zo ta riƙa ba shi fura a baki. Da aka kira la'asar ya ɗora yatsanta a wurin, ya yi mata kashedi, ya tafi masallaci da sauri ya dawo ya karɓa. Sai dab da magariba sabis ya dawo.

"Ya ake ciki?" in ji Uwani.

"Ina kai."

"Kana kan me?"

Da ta gane, dariya ta hana ta magana. Shi kuwa kwana biyu yana cin tuwo da cokali, yatsa ya kumbura.

Wata rana aka koma cikin shuɗin allon. Uwani ta sa shi ya nemo wata doguwar kalma mai farawa da V, ya same ta, ya mayar da ita daga rufe zuwa buɗe. Wallahi har na yi masa guɗa. Uwani ta ce, "Madalla. Yanzu kar ka yarda da wani canji kuma, ka fito kawai." Ya zo fita, kwamfuta ta tambaye shi ko ya yarda a ajiye canjin da aka yi. Ya ce mata a'a. Jan rubutu ya dawo. Kwana uku Uwani tana bincike a Kano, ta tambayi wannan ta tambayi wancan, kafin ta ce ya sake leƙawa. Makunni na nan a rufe kamar ba a taɓa shi ba.

"Yaya Nomau, da ta tambaye ka, me ka ce?"

"Na ƙi. Kin ce kar in yarda."

"To me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ba ki tambaya ba."

Na ɗauki muciya, Allah ya sani, sai na ga yadda yake kallona yana jiran a yaba masa, na mayar da ita.

Ranar Alhamis aka sake, a hankali, kalma bayan kalma. Ya buɗe makunnin, ya yarda a ajiye, kwamfuta ta juya da kanta, wato ta mutu ta sake tashi. Aka leƙa, a buɗe yake. Aka danna, jan rubutun nan ya sake fitowa. Aka juya ta sau huɗu, haka. Uwani ta ce a waya, "Yaya Lantana, ki yafe ni. Ina jin wannan kwamfutar ba za ta iya ba." Na dubi injin a lulluɓe. Da hannunsa marigayi ya ɗinka masa rigar nan. Zuciyata ta karye, ban ɓoye ba, na yi kuka a gaban yara. Na miƙe na ce, "Na haƙura. Nomau, kashe komai ka rufe shagon. Komai." Na shige ɗaki.

Ya kashe kwamfuta, ya zare wayarta daga bango. Ya kashe injin sola da tun da aka kafa shi ba a taɓa kashewa ba, ya kwance kan batir. Ya kashe firjin Delu da zoɓon kasuwar Juma'a cike a ciki. Ya shigo gida ya kwara ruwa a murhu, tuwo na tsakiyar dahuwa. Ya leƙa ta katanga ya roƙi maƙwabcinmu ya kashe rediyonsa, don ana jin sa daga shago. Ranar gari da ƙuli muka ci, Delu kuwa ta ce kada ya kuskura ya yi mata magana.

Da hantsin Juma'a Alhaji Barau ya iso da mai saye, wani mutum daga Funtuwa. Na gaishe su. Mutumin ya ce a kunna ya ga ko fitilun injin na kamawa. Nomau ya mayar da kan batir, ya jona komai ɗaya bayan ɗaya, ya kunna kwamfuta. Ya juyo ya ce, "Yaya, in danna wurin nan na kullum?" Na ce danna mana, me ya rage. Ya danna. Ba jan rubutu. Allo ya yi duhu, ya yi haske, sai ga tsohuwar fuskar kwamfutar marigayi, da zane-zanensa jere reras yadda ya bar su.

Nan da nan na ɗaura ƙyalle, na nuna wa Nomau zanen da zai zaɓa. Injin ya yi tari sau ɗaya, allura ta sauka, shago ya cika da ƙarar da na yi wata guda ban ji ba. Na bugo wa Uwani, ta saurara, ta yi ihu. Da ta ji abin da Nomau ya yi jiya ta ce, "Kash! Akwai masu irin wannan hali, ba sa karɓar canjin sai an yanke musu wuta gaba ɗaya, juyawa kawai ba ta isa. Wallahi shaf na manta."

Alhaji Barau ya daɗe yana kallon allurar tana fitar da aikin ƙanensa. Ya cire hula ya mayar, ya ce wa mutumin Funtuwa ya yi haƙuri, an fasa. Ya ce min, "Lantana, Allah ya sa albarka," ya fita yana goge ido.

Nomau na rakuɓe a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Ya ce, "Yaya, zoɓon Delu duk ya lalace. Ni ne."

Na ce, "Na sani. Zo nan. Daga yau kada ka ƙara yin nisa da ni."

Ya jawo kujera, ya matso, ya ƙara matsowa, har gwiwarsa ta taɓa tawa.

"Haka ya isa, Yaya?"

Na ce ya isa.