Agogon Da Ya Rasu A Hannun Hagu

Da zuciya mai ɗauke da baƙin ciki, da sallamawa ga abin da ba a iya mayarwa, mai askin nan na shagon ƙarƙashin bene, maƙwabcin mai gyaran takalma, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa miƙa masa ƙeya, rasuwar agogonsa na hannu. Ya cika da la'asar, a ɗakin maigidansa, a kan hannun da ya daɗe yana yi wa hidima. Bai yi kakari ba. Siririn tsinken nan da ba ya hutawa ya zo gab da lamba tara, ya ɗan yi rawa kamar mai neman izinin wucewa, ya tsaya.

Marigayin ɗan babban gida ne. Irin agogon nan ne da ake ajiyewa a bayan gilashi, wanda talaka kan tambayi kuɗinsa, ya yi dariya, ya wuce. Fuskarsa baƙa, jikinsa da nauyi, maɗaurinsa na fata. Ba ya cin batir. Motsin hannu ne abincinsa: in hannun da ke ɗauke da shi yana aiki, yana raye, in hannun ya kwanta, shi ma ba ya daɗewa.

Mai aski bai saye shi ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Wani tsohon alƙali ne ya ba shi, wanda yake zuwa yi wa gyaran fuska har gida tun da ciwo ya kwantar da shi. Ran nan an gama aski, tsohon ya sa aka kwance masa agogon, ya ce, "Karɓi, ɗana. Ni na daina ciyar da shi, kai kuwa hannunka ba ya zama." Mai aski ya fito yana ganin ba a taɓa karrama shi haka ba. Sai a 'yan watannin nan ya koma yana juya maganar, yana tambayar kansa ko kyauta aka yi masa ranar, ko kuwa layin masu kwanciya ciwo aka sa shi.

An shaidi marigayin da gaskiya. Bai taɓa gaggawa don mai kuɗi na kan kujera ba, bai taɓa jan ƙafa don ana hira mai daɗi ba. Hannun hagu ne mazauninsa, hannun da ke riƙe mataji, mai juya kan mutum, mai naɗe kunne kafin reza ta wuce. Saboda haka babu kunnen da bai yi wa magana ba a unguwar. Muryarsa ƙasa-ƙasa ce, cik-cik-cik, da sauri kamar zuciyar tsuntsu. Yaran da ke tsala ihu in sun ga almakashi sukan yi tsit don su ji ta. Wani direban babbar mota yakan ce ba aski ke kawo shi ba, barcin da agogon ke sa shi ne, askin kuwa ƙari ne kawai aka ɗora masa.

Ciwon ajalinsa ba a jikinsa ya fara ba. Wata safiya mataji ya faɗi daga hannun mai aski, ya sunkuya zai ɗauka, bai tashi ba. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Baki ya dawo, ƙafa ta dawo da jan ƙasa, hannu ya ƙi. Likita ya ce a yi haƙuri, wani yakan dawo, wani ba ya dawowa.

Amma agogo bai tsaya ba. Mako ya bi mako yana tafiya a kan hannun da ko ƙuda ba ya iya korewa. Mai aski ya yi lissafinsa irin na wanda ya koya wa kansa komai: abin nan ba ya rayuwa sai da motsi, ga shi yana raye, ashe hannun yana motsi cikin barci. A kan wannan hujja ya koma cin abinci. A kanta ya hana a ba wani hayar shagon. Har likita ya gaya wa, likitan ya dubi agogon, ya dubi matar mai aski, ya ci gaba da rubutunsa.

Maɗaurin ne ya tona asiri. Fatar tana da lanƙwasa ɗaya tal, a ramin da maigidan ke sa ƙarfen tun fil azal. Sai ga wata sabuwar lanƙwasa can ciki, daidai wuyan hannun da bai kai nasa kauri ba, ga kuma ƙanshin sabulun wanki. Kullum in matarsa za ta kai shi wanka takan kwance agogon, wai kada ruwa ya taɓa shi. Ashe ɗaurawa take yi, ta yi shara da shi, ta yi wanki, ta yi wanke-wanke, sannan ta mayar masa da shi a ƙoshe.

Mai aski ya daɗe da wannan a cikinsa bai furta ba. Wanda ya yi maka ƙarya don ka buɗe baki ka ci abinci, maƙaryaci ne ko mai jinya? In kuma ka gano, ka yi shiru kana karɓa, wane ne ke yaudarar wani? Ya auna ta nan, ya auna ta can, bai ga laifinta ba, bai kuma ga yadda zai ci gaba da duban fuskar agogon ba. Da ta kai hannu za ta kwance washegari, sai ya ce, "Bar shi. Ba ya jin ruwa."

Ta ce, "Maigida, fatar za ta lalace."

Ya ce, "Ta riga ta lanƙwashe."

Ta janye hannunta. Tana zaune a bakin gado lokacin da agogon ya cika, su biyun suna kallo.

'Yarsu ta yi ƙoƙarin ceto. Ta ce, "Baba, ka mai da shi hannun dama mana, ko a riƙa murɗa masa ɗan kunnen nan na gefe." Ya ce murɗawa ɗura ce, ba ci ba ne. Hannun dama kuwa, ba a raba ma'aikaci da abokin aikinsa don abokin ya kwanta ciwo.

Marigayin ya bar almakashi biyu da mataji, suna cikin aljihun tebur a shago. Ya bar kujera mai juyawa, da madubi mai tsaga a kusurwa. Ya bar wani ɗan'uwa na nesa, agogon bango na roba, mai cin batir, wanda ba ruwansa da wanda ya mutu ko ya yi rai. Ya bar mace guda da har yanzu takan kai hannu wuyan hannunta in za ta taɓa ruwa.

Iyali sun yanke shawarar sayar da gawar, a biya masu koya wa gaɓɓai motsi a asibiti. Matar ce ta dage. Mai aski ya ce wannan sayar da shaida ne don a biya lauya, amma ya yarda. Dillalin tsofaffin agogo ya zo har ɗaka, ya tambayi kwali da takardu, aka ce babu, ya tsuke baki. Ya manna gilashi a ido, ya ƙirga tabon almakashi a gefe, ya ce za a goge su tas, a sauya maɗauri, mai saye ba ya son ya ga alamar wani. Sannan ya kaɗa shi a tafin hannunsa kamar mai kaɗa kwalbar magani, ya kai kunne. Cik-cik-cik.

Ya ce, "Wa ya ce ya mutu? Baba, wannan lafiyarsa ƙalau. Hannu kawai yake nema."

'Yar ta tashi ta fita.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa an ɗan jinkirta. An yi ciniki, amma mai aski ya ce ba za a fitar masa da shi daga gida yana numfashi ba. Dillali ya ce shi a wurinsa mai tafiya da tsayayye duk farashi ɗaya ne, ya bar lambarsa, ya tafi. An mayar da marigayin kan hannun hagun mai aski, ana jiran ƙarfin da baƙo ya ba shi ya ƙare. Da zarar ya tsaya, 'yar za ta naɗe shi a ƙyalle ta kai shagon dillali. Ba a buƙatar rakiya, ba kuma za a yi zaman makoki ba.

Ana roƙon masu zuwa dubiya su daina abin nan da suka saba, na ɗaga masa hannun su jijjiga suna cewa sauƙi na nan tafe. Kowace jijjiga tana ƙara wa mamacin kwana, gidan kuwa ya gaji da jira. Matar ta yi alkawari ba za ta taɓa ba, ta ma koma zama a ɗaya gefen.

In har wa'adinsa ya wuce bai tsaya ba, alhali babu wanda ya kai masa hannu, to an fasa jana'iza, kuma za a buɗe shago. Mai aski ya ce ya san ba za a kai ga haka ba. Ya dai roƙi duk wanda ya shigo ɗakin ya rage murya.