Jirgin Ruwan Amiral Barmo

Gure ta yi sa'a. Garuruwa da yawa suna da likita, suna da alƙali, wasu har da mai gyaran agogo, amma daga nan har Damagaram babu garin da yake da Amiral sai namu.

Sunan da uwarsa ta san shi da shi Barmo. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Difa, a biron wani furoje, wato ofishin wani shirin tallafi na kiwon kifi, kuma ba ƙaramin muƙami ya riƙe ba. Shi ne palanto, mai buɗe ƙofa da safe, mai kai takardu, mai hura wutar shayi. Ruwa kuwa ya san shi ciki da waje, domin sau biyu ya ƙetare Komadugu, sau ɗaya a kwale-kwale idonsa a rufe, sau ɗaya da ƙafa a tsakiyar rani. Da ya dawo gida, Komadugu ta kumbura a bakinsa ta zama Tafkin Chadi, tafkin ya kumbura ya zama teku, tekun ya yi igiyoyi masu tsawon giginya. Taubashinsa Abarshi ne ya laƙaba masa Amiral, wato babban hafsan sojan ruwa, don tsokana. Barmo ya karɓa hannu biyu, ya je ya ɗinko farar hula mai baki.

To, akwai wani tafki a kwarin bayan gari, wanda ke riƙe ruwa daga damina har tsakiyar rani. Bana wani furoje ya zuba masa 'ya'yan tarwaɗa, aka ce a kafa komite, a zaɓi farzida, wato shugaba. Farzida shi zai faɗi ranar buɗe kamun kifi, shi zai riƙe mabuɗin ɗakin komar kamun kifi, shi kuma zai zauna a kujerar gaba idan baƙi sun zo. Barmo bai damu da koma ba. Kujerar nan ce ta hana shi sakat.

Ɗan cikas ɗaya ne, wato Baba Modu, wani tsoho marar surutu da ya yi shekara talatin yana kifa cikinsa a kan gora yana iyo a tafkunan ƙasar nan. Mutane suna cewa ai shi ne ya san ruwa.

"Gora!" in ji Amiral a majalisa. "A wannan zamani, mutum ya hau abin da ake dama fura da ƙanensa, a ce shi ne farzida? Ku saurara. Zan nuna wa Gure abin da ake kira nabigasiyo, ilimin tuƙin jirgin ruwa."

Bayan sati biyu nabigasiyo ta iso a saman kamyo, babbar motar kaya, ɗaure bisa buhunan tattasai. Tsohon jirgin ruwa ne na fibir, wato zaren gilas da aka daskarar da danƙo har ya yi tauri kamar roba. Shekara tara yana kife a bayan biron Difa, kaji suna ƙyanƙyasa a ƙarƙashinsa, mai gadi ya yi ta godiya da aka raba shi da shi. A gindinsa akwai huji uku. Ƙaramin, kan ɗan akuya zai shiga. Babban, uwar ma za ta bi shi.

Maza takwas suka shigar da shi ta kan katanga, aka girke shi a tsakar gida, daidai inda uwargida Indo take shanya kuɓewa. Tun daga ranar gidan ya tashi daga gida ya koma "shantiye", wato ma'aikatar gyaran jirgi. Amiral ya hana kowa wucewa ta hagun jirgi sai da izini. Ya sa madubin ido irin na masu walda, ya ɗauki takardar goge katako ya hau gurza fibir babu riga, don maƙwabta su ga ƙwanji. Ba wanda ya gaya masa cewa garin fibir ƙaiƙayi ne da ya yi karatu. Kwana uku yana susa da bango kamar jaki, yana gaya wa masu zuwa gaisuwa cewa duk babban matuƙi sai ya yi wannan ciwo.

Daga Damagaram aka aiko masa da kayan liƙi: ƙyallen zaren gilas, galan ɗaya na danƙon da ake kira rezin, da wata 'yar kwalba kamar ta maganin ido. Mai kanti ya rubuto a takarda cewa a ɗiga kaɗan, a kwaɓa kaɗan, a yi aiki a inuwa. Amiral ya karanta takardar a gaban jama'a, ya yi murmushin manya.

"Wannan don 'yan koyo aka rubuta. Mu da muka ga teku ba ma ɗigo."

Ya juye galan ɗin kaf a babbar robar wankin Indo, ya tuttule kwalbar duka a kai, da tsakar rana, ya hau juyawa da muciyarta. Abin ya yi zafi, ya yi hayaƙi, ya yi wani wari da ya kori ƙudajen unguwa. Kafin ya gama bayanin yadda Turawa suke yi, muciya ta tsaya ƙyam a tsakiyar roba. Har yau tana nan tsaye. Abarshi ya ce a kai ta bakin gudiro, babban titin kwalta, a yi mata rubutu.

Sai dai a aiko da wani galan. Amma Amiral ya riga ya faɗa a majalisa cewa wanda ya sayo zai ishi jirgi biyu, kuma ranar zaɓe saura kwana shida. Ya zauna ya yi tunani irin na masana, sai ya tuna cewa Allah bai bar ƙasarmu haka ba. Danƙo dai ake nema? Ga ƙaro nan, wanda mutanen Kelle suke kawowa kasuwa buhu-buhu, mai kyau, mai sheƙi, wanda har ƙasar waje ake fita da shi. Ya sayo tiya huɗu, ya dafa shi ya yi kauri, ya tsoma ƙyallen gilas a ciki ya shimfiɗa a kan hujin nan uku. Rana ta buga shi. Ya bushe ya yi ƙarau, in ka ƙwanƙwasa har amsawa yake.

Indo ta tsaya tana kallo, hannu a ƙugu.

"Malam, ƙaron nan fa a ruwa nake jiƙa shi in zan ƙarfafa maka hula. Kafin in gama shara ya narke."

"Indo, Indo," ya ce, da tausayin wanda ya yi nisa a ilimi. "Wancan ruwan randa ne. Wannan ruwan tafki ne. Kowanne da tekinik ɗinsa."

Sai fenti. Shuɗi ya shafa har sau uku a gefe da gefe, ya ja farin layi, ya rubuta ZAKIN TAFKI da manyan baƙaƙe, ya zana anga a goshi wadda ta fi kama da ƙugiyar rijiya. Da ya zo gindi, gwangwani ya ƙare. Abarshi ya leƙa ƙasa ya ce, "Bawana, nan fa ba ka shafa ba."

"Wa zai gani? Kifi?"

Ranar zaɓe gari ya fito bakin tafki. Ga masu lambu, ga makiyaya da suka kawo shanu shan ruwa, ga mata masu suyar kifi, ga Madam Rahinatu, wakiliyar furoje, da littafinta. Baba Modu yana zaune a gefe, goransa a gabansa. Sai ga Zakin Tafki a kan amalanke, Amiral yana tsaye a ciki, da babbar riga fara, da hula mai baki, da wata jar rigar ceto a sama wadda zip ɗinta ya ƙi haɗuwa a tumbi. Ya nemi a ba shi minti goma ya yi wa jama'a jawabi daga kan ruwa, domin farzidan tafki ba ya magana daga tudu.

Aka tura shi. Kuma, a faɗi gaskiya, jirgi ya yi iyo. Mata suka yi guɗa. Amiral ya dogara doguwar sanda ya kai tsakiya, inda ruwa ya fi tsawon mutum, ya juyo ya buɗe hannuwa.

"Jama'ar Gure! Yau tarihi ya sauka a kwarin nan. Ni da kuke gani, na yi kokawa da igiyar ruwa wadda in ta tashi ba a ganin rana..."

Yana cikin kokawar, ruwan tafki ya gano cewa shi ma ya iya aikin ruwan randa. Liƙin farko ya yi laushi, ya saki, ya taso sama kamar fatar kunu. Daga baki ana ganin Zakin yana gajarta. Farin layi ya ɓace. Rubutu ya fara nitsewa daga ƙasa.

"Bawana!" Abarshi ya ƙwala kira. "Jirginka yana shan ruwa ko azumi ya kai?"

"Wannan balas ne," in ji Amiral, ruwa a idon sawu. "Kowane babban jirgi yana ɗaukar ruwa kaɗan don ya daidaita."

Jirgi ya ci gaba da daidaita har gwiwa. Da ya kai cinya, Amiral ya bar Faransanci. Da ya kai cibiya, ya bar Hausar manya ya koma ta gida, yana kiran Allah, yana kiran Annabi, yana kiran Indo. Rigar ceto, wadda ita ma shekara tara ta yi a rana, ta sha ruwa ta yi nauyi kamar sirdi.

Baba Modu ya tashi. Ya kifa cikinsa a kan gora, ya yi iyo a hankali, ya kama Amiral ta wuyan riga ya jawo shi kamar buhun da ya faɗo daga mota. Da suka iso baki ya ajiye shi a kan yashi, ya ce, "Sannu, Barmo," ya koma ya zauna.

Da mai ƙaramin ƙarfi ne, da ya tafi gida. Amiral kuwa ya amayar da abin da ya sha, ya miƙe, ya ce abin da jama'a suka gani gwajin ceto ne, kuma an ci nasara. Yana nan a takara.

Madam Rahinatu ta ce to, a yi yadda aka saba, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so. Layin Baba Modu ya miƙe har ya kewaye amalanke. Amiral ya tsaya ƙirji a gaba, ruwa na ɗiga, bai waiga ba. Amma yana jin motsi a bayansa, har ana ɗan jan rigarsa, sai zuciyarsa ta yi sanyi. Ashe akwai masu sanin darajar mutum.

Madam ta zo da alƙalami ta leƙa. Mutum ɗaya ce, Indo, a durƙushe, ta kama gindin babbar riga tana murɗawa.

"Uwargida, in rubuta ki a nan?"

"A'a, 'yata," in ji Indo, ba ta ko ɗago ba. "Ni matsa nake yi. In na gama, ina layin Baba."