Walimar Garkuwan Muhalli

Unguwar Akwatialine ta yi dace da Alhaji Brimah Bawah, dillalin ruwan leda, mutumin da ya san halin da ƙanƙarar can ƙuryar arewacin duniya take ciki fiye da yadda ya san bayan shagonsa. Ilimin bai ba shi wahala ba. Darasi ne na kyauta a intanet kan sauyin yanayi da ci gaba mai ɗorewa, wanda duk mai waya zai iya buɗewa. Alhaji yakan kunna bidiyon, ya kifa wayar a kan firiza, ya ci gaba da sallamar masu saye. Da haka ya sauke karatu. Adireshin shafin kuwa ya ɓoye shi, domin a ganinsa ilimi idan ya yawaita a unguwa yakan rasa kwarjini.

Da takardar shaida ta fito, ya naɗa wa kansa sarautar Garkuwan Muhalli. Babu wanda ya yi takara da shi.

A bayan shagonsa akwai kwata, wato gota a bakin 'yan unguwa, da ledoji suka cushe, kuma a bakinta ɗakin Mma Lariba mai koko yake, inda take ajiye buhunan geronta. Duk ranar da kwatar ta cika, ɗakin ne mafitar ruwa. Saboda haka maƙwabta suka sa Asabar don aikin gayya, a yashe ta kafin damina ta kankama. Mma Lariba har ta aro shebur.

Sai dai al'adar Zango ce a yi wa wanda ya sauke karatu walima, kuma Asabar ɗin ce ta yi wa Garkuwa daidai.

"Alhaji, gota fa?" in ji Mma Lariba. "Hadari kullum yana haɗuwa, gerona kuma a ƙasa yake."

"Mma," in ji shi cikin tausayawa, "ke kina maganar gota, mu muna maganar duniya. Tekuna suna tasowa! Matsalarki ko cikin manhaja ba ta shiga ba."

Aka shimfiɗa katakai a kan kwatar, aka kafa rumfuna a bisa. Aka fitar da yayi, wato atamfar bai ɗaya ta biki, koriya shar. Daga unguwar Adum aka bugo wata ƙatuwar tuta ta leda mai hoton Garkuwa riƙe da duniya a tafin hannu. Masu aikin gayya duk sun hallara cikin yayi, domin babu mai ƙin walimar maƙwabci. Aka raba shinkafa a robobi, ruwan leda kuwa sadaka. Jama'a masu ladabi ne. Ba su yarda sun ƙazantar da wurin taro ba. Duk wanda ya gama sai ya zura ledarsa ta tsakanin katakai.

Garkuwa ya miƙe. "'Yan'uwa, jahilci ne yake kashe muhalli. Ni kaɗai a layin nan na san abin da ke tafe."

Abin da ke tafe ya iso kafin ya rufe baki. Iska ta fizge tutar, ruwa ya kece, kwatar ta tumbatsa, ta nufi ɗakin Mma Lariba kai tsaye.

"Kun gani?" in ji Garkuwa, yana tsaye a kan kujera, ya tattare babbar rigarsa. "Daidai yadda muka karanta!"

"Alhaji, sauko ka karanta mana shebur!" in ji Garuba makanike, yana ɗage katakai.

Bai sauko ba. Masani ba ya barin mumbari. Maza suka tuɓe yayi suka shiga ruwa har gwiwa, suna kwasar robobin walima, har suka kai bakin bututun da ke bi ta ƙarƙashin titi. A nan suka tarar da tutar ta rufe bakin ruf, Garkuwa yana murmushi a jikinta, duniya a hannunsa. Da aka janye ta, ruwa ya wuce.

Buhunan geron da ke ƙasa sun riga sun jiƙe. Washegari da rana ta fito, Mma Lariba ta nemi abin shanya mai faɗi, ba ta samu wanda ya kai tutar ba. Ta wanke ta, ta shimfiɗa a ƙofar shagon, ta baza geronta tun daga hular Alhaji har takalmansa.

Masu lura sun tabbatar cewa wannan ce hidima ta farko da Garkuwa ya yi wa muhalli, kuma a kwance ya yi ta.